Ragon da Ba a Yanka Ba: Nazarin Rikicin Adashi a Wata Ikkilisiyar Hausa a Legas

Kiristocin Arewa da ke neman abinci a Legas, 'yan Kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da Gombe da Adamawa da Kudancin Borno, Hausa ce ke haɗa yawancinsu ranar Lahadi, ko da yake kowa yana da yarensa na gida. Majami'un da suka taso daga Arewa, irin su ECWA da COCIN, suna da ikkilisiyoyi a birnin, kuma a nan ne mai gadi da ɗan dako da ɗan acaɓa da mai sayar da abinci suke samun wanda zai tsaya musu ranar ciwo, da wanda za su ba ajiya. Lamarin da za mu duba na wata ƙaramar ikkilisiya ce a yankin Ketu da Mile 12. Ba za mu faɗi sunanta ko ɗarikarta ba, mutanen kuma da sana'arsu za mu kira su. Kuɗin mun cike su zuwa dubbai domin lissafin ya fito fili.

Yadda kuɗin suka salwanta

Mutum 12 ne suka kafa adashi, kowa yana zuba naira 10,000 duk Lahadi bayan sujada, mai kwasa ya ɗauki 120,000. Uban adashin ɗan acaɓa ne, ya daɗe a ikkilisiyar, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Shi ya yi kwasar farko kamar yadda aka saba. Babur ɗinsa na bashi ne, yana biya mako-mako. A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba kuma dokar ta kai Kosofe, inda yake aiki. Ya ci gaba da ɗaukar fasinja a lunguna, ranar da ya fito babban titi aka kama babur ɗin. Babur ya tafi, bashinsa yana nan.

Kwasar mako na biyar ta wata gwauruwa ce mai sayar da abinci. Uban adashin ya kai wa wanda yake bin sa bashin babur kuɗin, ita kuma ya ce mata mutum biyu ba su zuba ba tukuna, ta ƙara haƙuri. Ta mako na shida, ta wani dillalin albasa, ya sayi tsohon babur da ita don ya koma aiki ya rufe ramin, injin bai yi mako guda ba ya buga. Ta bakwai, ta wani saurayi mai gadi da ke tara kuɗin aure, ta tafi a asibitin ɗansa da kuɗin ɗaki. Kowane cikin ukun an ba shi tasa ƙaryar a keɓe. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a mako na takwas suka haɗu a bakin majami'a, kowa ya faɗi abin da aka gaya masa. Naira 360,000 ke nan.

Tsarin adashin kansa ya buɗe ƙofar. Wasu suna turawa ta waya cikin asusun mutum ɗaya, asusun da yake cefane da shi. Babu littafi. Ba a miƙa kwasa a gaban jama'a, don haka babu wanda ya san ba a miƙa ba.

Kafin yamma maganar ta shiga zauren WhatsApp na ikkilisiya, da hotonsa da kalmar "ɓarawo". Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya: ka same shi kai da shi kaɗai, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai wa ikkilisiya. A nan an fara da mataki na ƙarshe. Mutumin ya kashe wayarsa, ya koma kwana a kasuwa yana dako, wata biyu ba a gan shi a sujada ba. Ba ma wanke shi da wannan. Amma wanda aka tona wa asiri gaban mutum ɗari ba ya ganin sauran abin da zai dawo ya tarar.

A cikin wannan ɓuyan ɗansa ya sake kwanciya. Ya ɗauka hukunci ne. Wani ya kai shi gidan addu'a, aka ce masa fushin Allah yana kansa, sai ya yi azumin kwana bakwai ya kawo farin rago a yanka kafin yaron ya tashi. Ya sayar da gawar babur ɗin, ya haɗa da kuɗin dako, ya tara naira 150,000 don ragon da sauran abin da aka lissafa masa. Matarsa ce ta gaya wa shugabar zumuntar mata, ita kuma ta kai wa wani dattijon ikkilisiya. Dattijon ya same shi da dare a kasuwa.

"Baba, na san na ci amana," in ji shi. "Bari in fara gyarawa da Allah, in ya sauko sai in zo wurin mutane."

"Ɗana, yaron za mu fara kaiwa asibiti gobe da safe. Kuɗin nan kuma kada ka taɓa su sai mun zauna."

Dattijon ya yi daidai da bai buɗe wa'azi a wannan daren ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ke damun yaron, aka yi masa magani ya warke, ba a yanka komai ba. Daga baya aka karanta wa uban Yahaya 9:1-3, inda almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba.

Abin da aka koya masa game da ragon

Fasto da dattawa biyu sun zauna da shi sau uku. Ba su ce masa tunanin hadaya shirme ne ba, domin ba shirme ba ne. Ya gane abu guda daidai: cin amanar mutum laifi ne ga Allah, kuma laifi ba ya gushewa don an yi shiru a kansa. Saboda haka suka buɗe masa wurin da ya dace da shi sak, Littafin Firistoci 6:1-7. Wurin yana magana a kan wanda ya yaudari maƙwabcinsa a kan ajiya, ko jingina, ko ƙwace, ko tsintuwar da ya yi mūsunta. Abu biyu Shari'ar Musa ta ɗora masa. Zai mayar wa mai abu abinsa cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Sannan ya kawo wa firist rago marar lahani, firist ya yi kafara dominsa a gaban Ubangiji, a gafarta masa. Ko a wancan zamani, da ragon ke kan aiki, ba a karɓarsa a madadin kuɗin mutane. Gidan addu'ar nan ya sayar masa rabin ayar, ya binne rabin da gwauruwa take ciki.

Daga nan suka koma sura 16, Ranar Kafara, rana ta goma ga wata na bakwai. Babban firist yakan fara yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Sai a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka, firist ya shiga bayan labule da jininsa, ya yayyafa a kan murfin akwatin alkawari da gabansa sau bakwai. Ɗayan kuma firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya hurta dukan laifofin jama'a, a kora shi jeji. Shekara ta zagayo, a sake. Wasiƙar Ibraniyawa sura 10 ta ɗauki wannan maimaitawar ta mai da ita hujja: da hadayun suna kawar da zunubi da an daina miƙa su, amma ga shi kowace shekara tuni suke yi da shi, gama jinin bijimai da awaki ba zai iya ɗauke zunubi ba. Firistocin suna tsaye kullum suna aikin da ba ya ƙarewa. Almasihu kuwa ya miƙa hadaya guda, kansa, sau ɗaya tak, ya zauna. Haikalin Urushalima da ake waɗannan yanke-yanke ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 miladiyya, amma tun yana tsaye manzanni suke wa'azin cewa aikin ya cika a kan gicciye.

Inda mutumin ya fi shan wuya shi ne wa ya fara neman sulhun. A ransa, Allah ya juya baya, shi ne kuma zai nemo abin da zai sa ya waiwayo. Sabon Alkawari ya juya maganar. Romawa 5:8-10 ta ce tun muna masu zunubi, tun muna abokan gāba, aka sulhunta mu da Allah ta wurin mutuwar Ɗansa. 2 Korintiyawa 5:18-19 ta ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa, ba ya lissafa musu laifofinsu. 1 Yahaya 4:10 ta ce ba mu muka ƙaunace shi ba, shi ya ƙaunace mu ya aiko Ɗansa hadayar kafara. Wanda aka yi wa laifin shi ne ya kawo hadayar. Wannan ba ya nufin Allah yana wasa da zunubi. Romawa 3:25-26 ta nuna gicciye ne wurin da Allah ya tabbatar da adalcinsa yayin da yake kuɓutar da mai laifi, Ishaya 53:5 kuma ta ce horon da ya kawo mana salama a kansa ya sauka. Ragon mutumin nan, da ya yanka shi, da yana cewa ke nan hadayar Almasihu ba ta ishe shi ba.

Ya tambaya, "To Fasto, me ya sa har yanzu ba na iya barci?" Amsar da aka ba shi tana da kyau a riƙe ta. Salama da Allah da Romawa 5:1 take magana a kai matsayi ne: gāba ta ƙare, an rufe shari'ar, ta wurin bangaskiya. Kwanciyar rai takan biyo baya, wani lokaci da jinkiri, kuma ba za ta zo ba muddin kuɗin mutane suna aljihunsa yana shirin kai su wani wuri. Aka karanta masa 1 Yahaya 1:9, ya hurta laifinsa dalla-dalla, da ƙaryar da ya yi wa kowane ɗaya, ba "ka gafarta mini kurakuraina" a dunƙule ba. Sai Matiyu 5:23-24, wadda ta kifar da jerin da ya tsara a kasuwa: in kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, bar baikon a nan, je ka shirya da shi tukuna.

Saɓanin dattawa

A zaman majalisar ikkilisiya ra'ayi ya rabu, kuma kowane gefe yana riƙe da aya. Wani matashin dattijo ya ce tun da Yesu ya biya duka, a roƙi mutum ukun su yafe kuɗin, a rufe magana. Wani kuma ya ce kada a yi masa maganar gafara sam, kada ya kusanci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Yesu, sai ya biya naira ta ƙarshe.

A ganinmu dukansu biyu sun faɗa kuskuren mai ragon, kowa ta nasa gefe: sun haɗe bashi biyu suka mai da shi ɗaya. Na farko ya ɗauki jinin Almasihu ya biya gwauruwa kuɗin hayarta da shi, alhali mai gidanta kuɗin shekara yake jira. Na biyu ya sa wa gafarar Allah farashi, naira 360,000. Labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 ya raba gardamar. Yesu ya gayyaci kansa gidan Zakka tun bai yi alkawarin kome ba. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Biyan bai sayi karɓar ba, amma daga cikinta ya fito, kuma tuban da ya riƙe kuɗin mutane ba tuba ba ne.

Abin da majalisar ta tsayar shi ne a dakatar da shi daga Jibin har ya yi abu uku: ya nemi gafarar mutanen adashin fuska da fuska, ya yi biyan farko, ya sa hannu a takarda. Da zarar an yi waɗannan, a dawo da shi, ko da sauran bashi. Sun dogara ga 2 Korintiyawa 2:6-8, inda Bulus ya ce horon ya isa, a ta'azantar da mai laifin kada baƙin ciki ya haɗiye shi. An kuma taƙaita furcin ga mutum 11 da aka cuta, a ɗakin majalisa. Ikkilisiya gaba ɗaya sanarwa ɗaya ta ji daga bakin fasto, cewa ɗan'uwan ya amsa laifinsa kuma an shiga biya, tare da roƙon a goge hoton daga zauren.

Dillalin albasa ya riga ya ce zai kai ƙara wurin 'yan sanda. Wani ya jefa masa 1 Korintiyawa 6, inda Bulus ya tsauta wa masu bi a kan kai ƙarar juna gaban alƙalai marasa bi, kamar ayar ta ɗaure masa hannu. Fasto bai bi wannan ba, kuma mun yarda da shi. Cin amanar kuɗi laifi ne a dokar ƙasa, ikkilisiya ba ta da ikon hana wanda aka cuta neman haƙƙinsa, ayar kuwa nauyi take ɗora wa ikkilisiya ta yi shari'ar gaskiya a cikin gida. Abin da aka roƙe shi mako biyu ne, ya ga ko za a yi. Ya ba da.

Lissafin biya, da inda ya karkace

Naira 150,000 ɗin ragon su ne biyan farko. Ba a raba su 50,000 uku ba. Wa'adin hayar gwauruwar ya riga ya wuce, don haka aka tambayi sauran biyun ko za su bari a cika mata 120,000 ɗinta, su karɓi 15,000 kowa. Dillalin ya amince nan take, saurayin ya amince da ƙyar. Saura 105,000 ga kowannensu, 210,000 ke nan. Mutumin yana dako da rana, an kuma samo masa gadi da dare. Aka duba abin da ke shigo masa, aka cire abinci da kuɗin ɗaki, aka tsayar da 15,000 a mako, 7,500 ga kowa, mako 14. Ana miƙawa ranar Lahadi a gaban ma'ajin ikkilisiya, kowa ya sa hannu a littafi. Wani ya kawo shawarar a cire daga baiko a biya gaba ɗaya, aka ƙi, domin baiko ba na dattawa ba ne, kuma da an yi haka da an raba mutumin da aikin da ke tabbatar da tubansa.

Lissafin farko ya manta abu guda. Adashin ya tsaya a mako na bakwai, saura mutum biyar ba su kwasa ba, shi kuwa ya riga ya kwashi tasa. Ana bin sa zubin mako biyar, 50,000. Ba zai iya haɗa wannan da wancan ba, sai aka ci gaba da adashin da mutum 11 a hannun mata biyu na zumunta, kowa ya kwashi 110,000, aka rubuta masa 10,000 na kowane ɗaya a ƙarshen takarda.

Ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, wato 24,000 a kan kowace 120,000, majalisa ba ta ɗora masa shi a matsayin doka ba. Shi ya ce zai bayar. Gwauruwar ta ce, "Ɗana, bar shi, ka saya wa yaron nan gidan sauro." Dillalin ya karɓa, kuma yana da hujja, jarinsa ya kwanta a lokacin da ya kamata ya juya. Saurayin ya ƙi, amma ba irin ƙin gwauruwar ba. Cewa ya yi ba ya son kome na mutumin sai kuɗinsa.

A mako na shida da na bakwai mutumin ya kwanta ciwo, bai kawo kome ba. Takardar ba ta faɗi abin da za a yi in haka ta faru ba, shi ma kunya ta hana shi aikowa da saƙo. Saurayin ya ce ga shi nan an sake, rikici ya kusa komawa sabo. Dattijon da ya same shi a kasuwa ya biya 30,000 daga aljihunsa, yana bin abin da Bulus ya rubuta wa Filimon a kan bawansa Unisimas, cewa in Filimon yana bin bawan wani abu a lissafa a kan Bulus. Aka ƙara layi biyu a takarda: wanda ba zai iya biya ba ya sanar da ma'aji kafin Asabar, makon da aka rasa kuma a kai shi ƙarshe. Duk yarjejeniyar biya da za a yi wa mai cin abinci da ƙarfin jikinsa tana bukatar waɗannan layuka tun ranar farko, domin ciwo da ruwan sama da ranar da kaya ba su shigo kasuwa ba duk suna zuwa. Gaba ɗaya ya biya 434,000, har da mayar wa dattijon kuɗinsa, aka rufe littafin a mako na 21.

Saurayin

Nasa ne raunin da kuɗi bai rufe ba. Ya riga ya aika gida cewa kuɗin suna tafe, iyayensa sun sa rana da iyayen yarinya, aka ɗaga, ya ji kunya a gaban surukai. A zaman neman gafara, da ya yi shiru, wani dattijo ya karanta masa misalin bawan da aka yafe wa babban bashi na talanti 10,000 ya shaƙe ɗan'uwansa a kan ɗan bashin dinari 100, a Matiyu 18. Ayar gaskiya ce, amma an ɗauko ta a ranar da bai ga ko rabin kuɗinsa ba, a gaban wanda ya cuce shi, aka mai da wanda aka zalunta abin tuhuma. Ya ce "na yafe" don a ƙyale shi, kowa a ɗakin ya san ba daga ciki ta fito ba. Wannan ya ɓata mana rai ƙwarai, domin koyarwar sulhu ce aka yi amfani da ita wajen toshe bakin mai ƙuna.

Fasto ya gyara daga baya. Ya je wurin aikinsa shi kaɗai, ya saurare shi har ya gama, ya kuma rubuta wa surukan wasiƙa da sunan ikkilisiya cewa jinkirin ba laifin yaron ba ne. Sannan ya bambanta masa abubuwa. Yafewa ita ce ya saki neman ramuwa ya bar wa Allah hukunci, wannan kuwa Ubangiji yana nemanta a wurinsa domin shi ma jinin nan ne ya rufe nasa laifi. Komawa abota aikin mutum biyu ne, shi ya sa Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunka. Amana kuwa da lokaci ake sake gina ta, ba wanda zai tilasta masa ya ba mutumin ajiya.

An ɗaura auren bayan watanni. Su biyun suna cin Jibin Ubangiji a layi ɗaya, suna gaisawa, hira dai ba ta dawo ba, majalisa kuma ta bar su haka ba tare da matsi ba. Mutumin ya koma ƙungiyar mawaƙa, amma an rubuta a littafin majalisa cewa ba zai riƙe kuɗin jama'a ba sai an sake duba maganar bayan shekara biyu, shi ma ya sa hannu. Adashin yana ci gaba a hannun matan biyu, da littafi, ana ƙirga kwasa a miƙa ta a gaban kowa kafin a watse.